Daƙiƙa Uku a Rijiyar Baffa

Tambaya ta huɗu, shafi na sittin da tara:
"An saki dutse daga bakin rijiya,
ya taɓa ruwa bayan daƙiƙa uku.
Nemo zurfinta. Ka manta da iska."

Na karanta sau biyu a hasken tocila.
Mai wannan tambaya bai taɓa kwana a Dukku ba,
inda ba a mantuwa in ana batun rijiya,
inda akan tambayi ruwa tun ba a gama gaisuwa ba.

Malam Gidado ya ce ƙasa tana ja,
kuma ba ta duban fuska:
guduma da ƙwallon goruba, in ka sake su tare,
tare za su sauka.
Kowace daƙiƙa sai gudu ya ƙaru da mita goma,
kamar bashin da aka bari yana haihuwa.
Yana cikin rubutu allin ya karye,
guntun ya faɗi gaban Hajjo,
ya ce, "To, ga shaida."

Rabin goma, biyar. Uku sau uku, tara.
Biyar sau tara, arba'in da biyar.
Na ja layi biyu ƙarƙashin amsa,
na kwanta, lissafin bai kwanta ba.

Da asuba na bi Baffa Sambo.
Shi ya haƙa ta, shekarar da aka yaye ni.
Ya ga dutse a hannuna ya ɓata rai:
"Ruwan sha ne, ba kududdufi ba."
Sannan ya duƙa, ya zaɓo tsakuwa da kansa,
ya wanke ta da sauran ruwan buta.

Na saki.
Ɗaya.
Duhu ya haɗiye ta.
Biyu.
Wani zakara ya yi cara a gidan Modibbo.
Uku,
can ƙasa, kamar tarin tsohuwa a ɗaka:
tsundum.

"Mita arba'in da biyar, Baffa."
Ya ce, "Ban san mita ba.
Gaba ashirin da biyar ce,
da ɗori in rani ya yi tsanani."
Ya ware hannuwa, na auna shi da rular makaranta,
daga yatsa zuwa yatsa, ta kan ƙirjin da ya rame,
na ninka a ƙasa da tsinke.
Lissafina da igiyarsa suka haɗu,
ko kamu ɗaya ba su saɓa ba.

Na yi tsalle. Shi bai yi ba.
Ya leƙa ramin ya daɗe.
"Uku, ka ce?
Ni wata bakwai na yi ina sauka.
Diga biyu na cinye a hanya,
na bar wannan farcen a gaba ta sha tara."

Tambaya ta biyar ta fi ba ni dariya:
"A ɗauka igiya ba ta da nauyi."
A ɗauka!
A zo a ga kantar da ke tafin Dija,
a tambayi kafaɗar bijimin Ardo
da ke tafiya har gindin tsamiya ya dawo
kafin guga ɗaya ya ga rana.
Littafi ya ce in ka ja abu, shi ma yana jan ka,
daidai wa daida.
Wannan kam mun sani:
duk wanda ya ja ruwa a garin nan
ya ji rijiya tana tambayarsa ko zai zo.

Ranar jarrabawa ta fito, ita ɗin dai,
an sauya rijiya da bene kawai.
Ba mu da bene mai tsawon haka a Dukku.
Na kifa benen, na cika gindinsa da ruwa,
na rubuta arba'in da biyar.
An bar layi uku don a nuna aiki,
wata bakwai ba zai shiga ba.
Na miƙa takarda, na fito da wuri,
yau layin jan ruwa namu ne.